Zaren da Ke Ƙarƙashin Kwala

Shekara goma sha tara Goggo Mai Guga ta yi tana wankin kakin 'yan sanda a bayan bariki, kuma ba ta taɓa mayar wa wani rigar wani ba. Kada ku ɗauka ƙaramin abu ne. Rigunan nan kala ɗaya ne, ɗinki ɗaya, maɓalli iri ɗaya, har warin zufarsu ma kusan ɗaya. Abin da ke bambanta su shi ne 'yar lambar ƙarfe da ake maƙalawa a ƙirji, da igiyar muƙami da ake zurawa a kafaɗa. Su kuwa waɗannan kowa cire nasa yake yi kafin ya kawo wanki, don ita da kanta ta kafa dokar, ta ce ƙarfen yana tsatsa ya ɓata mata aiki.

Goggo ba ta yi makaranta ba. Ko ka rubuta mata suna da manyan baƙaƙe, kallon sawun kaji za ta yi masa. Sai ta ƙirƙiro nata rubutun. Duk rigar da ta shigo hannunta karon farko, sai ta ɗaga kwala, can ciki inda ninkin yake ɓoye, ta sa allura ta yi ƙulli da zare. Kowa da kalarsa, kowa da yawan ƙullinsa. Kofur mai yawan tari, shuɗi biyu. Direban motar sintiri, rawaya ɗaya. Saje Dogo, kore uku. Ba ta taɓa gaya wa kowa ba, ba don ɓoyewa take yi ba, don dai babu wanda ya tambaya. Namijin da ba ya wanke rigarsa, me zai kai shi leƙa ƙarƙashin kwala?

Autanta ma ɗan sanda ne. Wata takwas ke nan da ya gama horo, har yanzu Kurtu ake kiransa a bariki, ita kuwa Auta take ce masa ko a gaban manyansa. Dogo ne kamar marigayi ubansa, tsayinsu ɗaya da Saje, har 'yan bariki kan yi tsiya su ce in sun jera aka hango su ta baya ba a gane wa ke ba wa umarni. Ranar da ya kawo mata sabon kakinsa guda uku, ta yi musu ja ɗaya da fari ɗaya, sannan ta share ido da bayan hannu ta ce hayaƙin gawayin dutsen guga ne.

A mahaɗar hanya, kusa da famfon unguwa, akwai Mai Faci. Rumfarsa kwano huɗu ce kawai, sai tulin tsofaffin tayoyi da bahon ruwan da yake tsoma tif ya ga inda iska ke fita. Matarsa tana sayar da shayi da burodi a gefe. Shi ke gyara wa Goggo tayar baron da take tura wanki a ciki, kuma bai taɓa barin ta wuce ba tare da ya tsokane ta ba.

"Ranki ya daɗe, Kwamishinar Wanki. Yau wa aka ƙara wa girma?"

"Kai dai ka ji da aikinka. Facin da ka yi mini kwana uku ya yi ya sace."

"Ba laifin facin ba ne, Goggo. Nauyin zunubin da ke cikin rigunan ne."

Mai Faci yana da doka ɗaya tak, ita ce layi. Wanda ya fara zuwa shi ake fara yi wa, ko keke ne ko babbar mota. To, a kan wannan dokar abin ya faru ranar Talata da hantsi.

Goggo ba ta wurin. Tana tsakiyar shanya Uwar Biyu, maƙwabciyarta, ta shigo tana haki, ta tura mata waya a fuska. Hoton yana rawa, don mai ɗaukar a ɓoye ya ɗauka daga bayan wata mota. Ga motar sintiri da sacacciyar taya. Ga Mai Faci a durƙushe kan tayar keken wani tsoho, yana nuna yatsu biyar, alamar a ba shi minti biyar, har da murmushinsa. Ga wani dogo ya ba da baya, fuskarsa a rufe da baƙin ƙyalle, babu lamba babu igiya, kamar yadda 'yan sintirin suka saba fita a 'yan shekarun nan. Sai kulki ya sauka. Ya sake sauka. Mai Faci ya kai hannu ya damƙi aljihun rigar mutumin don kada ya faɗi, aljihun ya yage ya biyo shi ƙasa, dukan kuma bai tsaya ba. Ana jin muryar matarsa tana kiran sunansa daga wani gefe da hoton bai nuna ba.

Goggo ta ture wayar. Ta ɗauki riga daga bokiti ta matse, ta sake matsewa, alhali babu sauran ruwa a jikinta.

Da yamma Auta ya dawo. Ya tuɓe rigarsa ya jefa a kwando, bai ci abinci ba.

"Kana cikin motar?" in ji ta.

"Kaina ke ciwo, Inna."

Kafin rana ta faɗi garin ya kama. Matasa suka kwashi tayoyin Mai Faci, tulin nan da ya yi shekaru yana tarawa, suka jera a kan hanya suka cinna musu wuta. Washegari kasuwa ba ta buɗe ba. Aka farfasa gilasan ofishin 'yan sanda da duwatsu, aka ƙona rumfar binciken motoci da ke bakin gada, wasu kuma da babu ruwansu da Mai Faci suka fasa kantin magani suka kwashe har da ma'aunin jarirai. 'Yan sanda suka yi ta harba barkonon tsohuwa, iska ta kwaso shi ta kawo bayan bariki, Goggo tana guga tana hawaye, wannan karon ba ƙarya. Baƙin hayaƙin taya ya sauka a kan shanyarta, sai da ta sake ɗauraye riga ashirin. Uwar Biyu ta ce ta daina shanya a waje, kada a gane gidan.

"Duk unguwar nan wa bai san ni ba?" in ji Goggo. Amma ta mayar da igiyar cikin ɗaki.

Ranar Alhamis da safe Auta ya sa kaki ya tafi aiki, bai dawo ba. Da azahar rediyo ya faɗa cewa an gano wanda ya yi dukan. Wani sabon ɗan sanda ne, an sami rigar a akwatinsa na ofis, aljihu a yage, jini a hannun riga, lambarsa a ƙirji. An kafa kwamiti da zai zauna ranar Litinin a zauren taron gari, kowa ya zo ya ji. Jama'a su koma gida.

Goggo ta tarar da Auta a ɗakin tsaro, yana zaune a ƙasa ya haɗa kai da gwiwa. Kakin yana jikinsa, amma an cire lambar, sai 'yan huji biyu a inda take.

"Ɗago ka dube ni."

Ya ɗago, amma ƙafarta ya duba.

"Kai ka dake shi?"

"A'a."

"To wa?"

Ya kalli ƙofa, ya rage murya. "Inna, ki bar maganar. An ce in na yi shiru wata shida ne kawai, a fito da ni a mayar da ni wani gari. In na yi magana, ɗakinki na bariki ne, aikinki ma nasu ne. Ina za ki je?"

"Au, ni kake yi wa? Ni na aike ka?"

"Ai ina wurin," ya ce. "Ni na tare matarsa. An ce in tare mutane, na tare. Tana ture ni tana cewa a bar shi haka, ni kuma ina cewa Yaya ki koma baya. Ko ban dake shi ba, Inna, wannan ɗakin bai yi mini yawa ba."

Ta miƙa hannu ta cikin ƙarfen ta gyara masa kwala, kamar yadda take yi kullum da safe, yatsanta ya taɓa ja da fari. Ta fito.

Goggo in ranta ya ɓaci guga take yi. Ta hura gawayi, ta shimfiɗa bargo a kan tebur, ta fara sauko da riguna daga kanta. Ta goge na Kofur. Ta goge na Direba. Ta kai hannu ta ɗauko na Auta, guda biyu a ninke, har da wadda ya jefa a kwando ranar Talata, aljihunta lafiya lau. Ta tsaya da dutsen guga a sama.

Biyu a nan, ɗaya a jikinsa. Uku aka ba shi, uku ta yi wa alama. To wadda aka samu a akwatinsa ta huɗu ce. Ta wa ce?

Amsar da ƙafarta ta zo, ranar Juma'a da safe. Saje Dogo, wanda shekara shida bai taɓa kawo wankinsa da kansa ba, shi ne ya sunkuyo ya shigo ɗakin da ƙunshi a hammata. Ya gaishe ta da ladabi, har da rusunawa.

"Goggo, sai haƙuri. Yara ne, jininsu da zafi. Amma ki kwantar da hankalinki, mu ba ma yar da namu. Ɗakin nan naki ne muddin ina nan."

"Allah ya saka, Yallaɓai."

"Ki goge mini ɗaya da kyau, ta zaman Litinin. A sa sitaci."

Da ya fita ta kwance ƙunshin. Riga huɗu, kamar kullum. Ta ɗaga kwalar farko, kore uku. Ta biyu, kore uku. Ta uku haka. Ta huɗu kuwa sabuwa ce fil, ninkin kanti bai ma saki ba, ƙarƙashin kwalarta fes, babu ko ɗigon zare.

Ta zauna a kan bokitin da ta kife. Ta daɗe tana kallon ɗakin: teburin da ta yi shekara goma sha tara tana tsayuwa a gabansa har siminti ya lotsa a inda take sa ƙafa, ƙusar da take rataye mayafi, tagar da Auta ya fasa da ƙwallo yana ɗan shekara tara aka toshe da kwali har yau. Tsoro ta ji, ba na wasa ba. Sannan ta tashi ta jiƙa sabuwar rigar a baho, ta tura shi ƙarƙashin tebur. Ta zaɓi wadda ta fi kyau cikin tsofaffin ta sa mata sitaci, ta goge ta har tana iya tsayuwa da kanta.

Ranar Asabar ta tafi asibiti. Mai Faci ya farfaɗo, amma an ɗaure masa muƙamuƙi da waya, hannun damansa cikin filasta, ido ɗaya a kumbure. Matarsa na zaune a bakin gado tana ba shi ruwa da cokali. Da ta ga Goggo sai ta ajiye kofin ta fito baranda, ta tsaya a bakin ƙofa ta tare.

"Me kika zo yi?"

"Na zo duba shi, 'yata. Kuma na zo roƙo. Kin san ba Auta ya dake shi ba. Yana gabanki lokacin."

"Na sani. Da muryarsa na gane shi. Yaron da nake ƙara wa madara a shayi ba tare da ya tambaya ba." Ta nuna ƙirjinta. "Nan ya sa mini bindiga a gicciye. Wanda ya doka da wanda ya tare, Goggo, a wurina ɗaya ne. Su ƙarata can."

"Ban ce ki yafe masa ba. Ni ma ban yafe masa ba tukuna. Amma in aka rufe shi a kan dukan, mai kulkin zai koma motar nan ranar Talata. Tayarsu kuma za ta sake sacewa a gaban wani."

Matar ta juya mata baya. Ta koma ciki ta ja labule. Ta gefen labulen Goggo ta hango Mai Faci ya ɗaga lafiyayyen hannunsa a hankali ya kai goshi, yana sara mata irin ta 'yan sanda. Ta juya da sauri, don kada ya ga fuskarta.

Ranar Litinin zauren ya cika har tagogi. Shugabar kwamitin wata dattijuwa ce da ta yi ritaya daga alƙalanci, siririya mai tabarau a kan karan hanci. 'Yan sanda tara na zaune a layin gaba. Saje na tsakiya, rigarsa sai ɗaukar ido take yi. Auta na gefe shi kaɗai a kan benci. A kan teburin akwai leda, rigar tana ciki.

Babban jami'in ofishin ya karanta rahotonsa. Aka tambayi Auta ko yana da abin cewa, ya girgiza kai. Zauren ya fara guna-guni, wani daga baya ya ce a miƙo musu shi kawai. Sai Goggo ta miƙe, da tsohon gwangwanin madararta na zare a hannu, da wani ƙunshi a gefen ƙafarta.

"Ranki ya daɗe, ina da magana."

"Wace ce ke, Baba?"

"Mai wankinsu ce. Kuma uwar wancan."

Aka kwashe da dariya, irin dariyar da babu daɗi a cikinta. Wani ya ce ai dama uwa ba ta ganin laifin ɗanta. Mai Shari'a ta buga tebur da biro, ta ce a bar ta.

"Ni ban iya karatu ba, ranki ya daɗe, ban san abin da ke rubuce a lambar nan ba. Amma na san rigunana. Zan juya in kalli bango. Akawunki ya bi mutanen nan tara, ba a jere ba, yadda ya ga dama. Ya ɗaga kwalar kowa ya gaya mini abin da ya gani a ƙarƙashi, ni kuma in gaya muku mai rigar."

Mai Shari'a ta dube ta ta saman tabarau, ta ɗan jima. Sannan ta yi wa akawu alama da kai.

Goggo ta juya. Ta ji takun akawun, ta ji ƙarar sitaci.

"Akwai... zare ne. Shuɗi, ƙulli biyu."

"Kofur ne. A gaya masa ya daina sa kwalbar maganin tari a aljihu, tana zuba."

Dariya ta tashi, wannan karon ta gaske. Kofur ya lanƙwasa wuya yana ƙoƙarin leƙa kwalar kansa.

"Rawaya, ɗaya."

"Direba."

"Baƙi ɗaya, shuɗi ɗaya."

"Mai gadin ƙofa. Hagunsa ya fi damansa tsawo, kullum sai na ƙara masa ninki."

Haka ta bi su har takwas, ba ta yi kuskure ko ɗaya ba.

"Kore, uku," in ji akawu.

"Saje ne." Ta juyo. "Yanzu a duba ta ɗana da ke jikinsa."

"Ja ɗaya, fari ɗaya."

"Uku aka ba shi. Ga ɗaya a jikinsa, ga biyu." Ta kwance ƙunshin da ke gefen ƙafarta ta ɗora su a kan tebur. "Ranki ya daɗe, waccan ta cikin leda tun Alhamis tana kulle a hannunsu, ban taɓa ta ba, ban ma gan ta ba sai yau. Ki buɗe da hannunki."

Mai Shari'a ta kwance ledar. Ta ɗaga kwalar, ta kai kusa da tabarau, ta juya ta wajen hasken taga. Ba ta yi sauri ba.

"Kore," ta ce. "Ƙulli uku. Zaren har ya koɗe da wanki."

Saje ya miƙe. Ya ce wannan wasan yara ne, tsohuwa ce ta rikice, wa ya sani ko ta taɓa haɗa rigunansu, ai tsayinsu ɗaya da yaron. Yana magana hannunsa na kai wa wuyansa, kamar wani abu na cizonsa a wurin.

"Shekara goma sha tara ina wankin nan, Yallaɓai," in ji Goggo, "ka taɓa sa riga ka ji ba taka ba ce? Sabuwar da ka sayo ka cike gurbi tana nan a jiƙe a ƙarƙashin teburina. A aika a ɗauko."

Sannan ta juya wajen bencin. Ba ta ɗaga murya ba.

"Auta, ni na yi nawa. Ɗakin da kake ji mini tsoro, na riga na ɗaure kayana tun jiya. Saura kai."

Auta ya miƙe. Ya faɗi komai daga farko: yadda suka cire lamba a cikin mota, yadda Saje ya fusata ya ce wai ɗan faci ne zai sa su bin layi, yadda aka kira shi ofis ranar Alhamis aka cire lambar daga ƙirjinsa aka maƙala a waccan rigar a gabansa. Bai tsallake nasa ba. Ya ce shi ya tare matar mutumin da bindiga, kuma da ya matsa gefe taku ɗaya da ta isa wurin mijinta.

"Gaskiya ne," in ji wata murya daga tsakiyar zaure. Matar Mai Faci ce, Goggo ba ta ma san ta zo ba. "Shi ya tare ni. Yana gabana tun daga farko har ƙarshe. Ba shi ya riƙe kulkin ba." Ta zauna, ba ta kalli kowa ba.

Sai kujera ta yi ƙara a layin gaba. Direba ne, rawaya ɗaya, ya miƙe yana murza hularsa.

"Ranki ya daɗe, ni ma ina wurin. Ina da abin faɗa."

A ranar aka fita da Saje ta ƙofar baya, da shi da babban jami'in da ya sa hannu a rahoton. Mutanen da suka zo da duwatsu a aljihu suka tsaya cirko-cirko a bakin zaure, ba su san abin da za su yi da su ba. Uwar Biyu ta rantse ta ga wani ya ajiye nasa a gindin bishiya a hankali, kamar ƙwai. Washegari kasuwa ta buɗe. Aka yi kwana uku ana kankare baƙin tabon taya daga kan hanya, bai gama fita ba har yanzu.

Ba komai ne ya gyaru ba. Shari'ar Saje ta ja lokaci, ana ɗagawa ana sake ɗagawa. Hannun Mai Faci bai koma daidai ba, ba ya iya ɗaga babbar taya. 'Yan sanda huɗu suka daina kawo wa Goggo wanki, in sun gan ta sai su kau da kai. Amma ɗakin ba a karɓe ba, don Mai Shari'a ta rubuta a rahotonta cewa duk wanda ya taɓa mai wankin nan zai zo ya yi mata bayani da bakinsa. Goggo ta kwance kayanta ta mayar da kowane inda yake. Kwamitin kuma ya sa aka hana fita da rufaffiyar fuska, aka ce daga yanzu ɗinke lamba za a riƙa yi a jikin riga, ba maƙalawa ba. Uwar Biyu ta ce to yanzu ta huta da ƙulle-ƙulle.

"Tasu lambar daban, tawa daban," in ji Goggo, tana zura zare a allura.

Auta aka dakatar da shi wata uku. Bai zauna a gida ba. Washegarin da aka sallami Mai Faci daga asibiti, ya je rumfar tun da safe ya tsaya. Mai Faci ya dube shi da ido ɗaya da rabi, sannan ya nuna masa famfon iska da ƙafa. Tun daga ranar shi ke ɗaga tayoyi, shi ke tsoma tif a baho, Mai Faci na zaune a kan benci yana ba da umarni ta tsakanin haƙora. Matar kuwa ba ta yi masa magana ba. In ta zuba shayi, mijinta kawai take miƙa wa.

Wata safiya, sati na biyar, Goggo ta turo baronta, tayar na jan ƙasa. Akwai mai keke a gabanta da wani mai babur.

"Ranki ya daɗe, Kwamishina," in ji Mai Faci. An cire masa wayar, maganar ta fara fita sosai. "Ko ke ce sai kin bi layi."

"Wa ya ce maka ina sauri?"

Ta zauna a bakin benci. Auta na durƙushe, hannunsa baƙi ƙirin har gwiwar hannu, yana neman huji a tif ɗin keken.

"Ɗan naki fa hannunsa na hagu biyu ne," in ji Mai Faci. "Jiya ya liƙe inda babu huji, ya bar inda yake."

"Gado ya yi. Ubansa ko maɓalli bai iya sawa daidai ba."

Matar Mai Faci ta zubo shayi kofi biyu, ta ba mijinta, ta ba Goggo. Ta ɗan tsaya da butar a hannu. Sannan ta ɗauko kofi na uku ta zuba, ta ajiye a kan tayar da ke kusa da Auta, ta koma wajen tukunyarta.

Goggo ta leƙa kofin ta gefen ido. Babu madara. Ta kurɓi nata, ta gyara zama tana jiran layi ya zo kanta.